Watan da Halfan Ya Rantse Ya Gani

Halfan bin Sulayyim yana da shekara saba'in da uku. Manomin dabino ne a Nabaka, wani ƙaramin gari a cikin duwatsun da ke bayan Ibra a ƙasar Oman, kuma fiye da rabin rayuwarsa shi ne mutumin da garin ke jiran bakinsa kafin a ɗauki azumi ko a sauke. Har zuwa watan Rajab na bana bai taɓa ɗaura agogo a hannunsa ba.

Ba rashin kuɗi ya hana shi ba, tsohon haushi ne. Mahaifinsa ne mai rabon ruwan falaj, magudanar da ke kawo ruwa daga gindin dutse zuwa gonakin garin. Da rana yana rabo da inuwar sanda, idan rana ta faɗi sai ya koma ga taurari. Tauraro kaza ya leƙo ta bayan katanga, ruwan wane ya ƙare, na wane ya fara. A wajensa Halfan ya koyi kallon sama. Da agogon hannu ya yi araha, manoma suka zauna a sabla, zauren da mazan gari ke taruwa, suka yanke cewa da agogo za a riƙa rabo. Ba wanda ya yi wa tsohon rashin kunya. An yi masa godiya, an yafa masa alkyabba, ya koma gida ya zauna. Ɗansa ne ya riƙe abin a rai.

Idon da ya horu da taurari sai ya koma ga jinjirin wata. Duk ranar ashirin da tara ga wata, bayan la'asar, Halfan kan hau dutsen da ke yammacin gari tare da maƙwabcinsa Mabruk bin Zahir, tsohon direban motar soja, wanda suka tashi tare tun suna yawo ba hula. Halfan ya san inda rana ke faɗuwa a kowane lokaci na shekara, ya san tsagin dutsen da zai sa wa ido. Yakan miƙa hannu ya auna sama da yatsu, sannan ya tsaya shiru. Mabruk kuwa surutu yake yi har sai an ce masa ya rufe baki.

Idan ya gani, sai su sauko gaban alƙali. Alƙali ya tambaye shi ta ina ya gani, ina ƙahonninsa suka fuskanta, yaya tsayinsa daga kan dutse, sannan a sanar da babban birni. Amma mutanen Nabaka da na zauna da su ba ganinsa suka fi yabawa ba. Abin da suka fi tunawa shi ne yawan lokutan da ya sauko ya ce bai gani ba, ko da kuwa samari na bayansa suna rantsuwa sun gani, kowa ya gaji da azumi, mata sun riga sun ɗora tukunyar alewa.

"Idan Halfan ya ce babu, to babu," in ji mai shagon da ke ƙofar masallaci. "Shi ya sa idan ya ce akwai, ba mai sake duba sama."

Shekaru biyu da suka wuce yanar ido ta fara rufe masa gani. 'Yarsa Zuwaina, wadda ke da shagon magani a Maskat, ta ɗauke shi ta kai shi asibiti. Aka yi masa aiki a idon dama, aka cire yanar aka sa masa ɗan madubi a ciki. Na hagu aka ce sai gaba. Ya dawo gida cike da murna. Matarsa Shamsa ta ce ya yi kwanaki yana tsaye a kan soro yana gaya mata launin awakin da ke kiwo a kan dutse.

"Ya juyo ya dube ni ya ce, 'Shamsa, ashe haka kika tsufa?'" Ta yi dariya tana ba ni labarin. "Na ce to koma su mayar maka da yanar mana."

Ranar ashirin da tara ga azumin bara suka hau dutse kamar kullum. Rana ta faɗi, sama ta yi ja. Ba a jima ba Halfan ya kama hannun rigar Mabruk.

"Ga shi."

"Ina?"

"Dama da tsagin, sama kaɗan. Siriri ƙwarai. Ka gani?"

Mabruk ya duba har idonsa ya kawo ruwa. Da sunan babban ɗan Halfan yake kiransa, ya ce, "Abu Saif, ni dai ban ga komai ba."

"Kai ai ko raƙumi aka rataye a wurin ba za ka gani ba. Duba da kyau."

"Na duba. Ba komai sai ja."

A gaban alƙali Halfan ya rantse. Ya faɗi wurin, ya faɗi yadda ya kwanta, ya nuna tsayinsa da yatsu. Aka tambayi Mabruk, ya ce bai gani ba. Alƙali ya buga waya birni, aka gaya masa cewa a lissafin masana watan ya faɗi kusan tare da rana, kuma duk faɗin ƙasar ba wanda ya kawo shedar gani. Alƙalin matashi ne, yana girmama Halfan. Ya taso daga mazauninsa ya zo kusa da shi ya ce a hankali, "Baffa, ka yi haƙuri, wannan karon ba za mu iya karɓa ba." Aka sanar cewa gobe za a cika talatin.

Halfan bai yi gardama ba. Ya koma gida, washegari bai ɗauki azumi ba, Shamsa ma ta bi shi. Bai kira kowa ba, bai fita sallar idi shi kaɗai ba. Amma mutane sun zo ƙofarsa suna tambaya, shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Na gani da idona. Kowa ya yi abin da zuciyarsa ta kwanta da shi." Wasu gidaje zuciyarsu ta kwanta da Halfan. Suka rufe ƙofa suka ci abinci a ranar da sauran gari ke azumi.

Bayan salla ba wanda ya yi masa maganar a fuska. A bayan ido kuwa an yi. Wasu suka ce birni ya daina jin maganar dattawa, wasu suka ce ai idon roba aka sa masa. Halfan ya daina hawa dutse, ya daina zama a sabla. Ya yi salla a masallaci, ana sallamewa ya ɗauki takalmansa. Mabruk ya zo da butar gahawa ba sau ɗaya ba, kullum sai Shamsa ta fito ta ce maigida yana barci.

"Ni me zan yi?" in ji Mabruk da na tambaye shi. "In rantse a kan abin da ban gani ba? Ai shi ya koya mini kada in yi haka. Shekara da shekaru yana zagina a kan dutse, yana cewa kada in ce na gani don kawai ina son cin nama."

Haka aka shafe watanni. Shamsa ta ce abincinsa ya ragu, maganarsa ta ragu, idan magariba ta gabato sai ya juya wa yamma baya. Zuwaina ta nemi ta mayar da shi wajen likita a duba idon, ya ce idonsa lafiya lau, masu lissafi ne ke bukatar likita.

Zuwaina ce ta kawo maganar agogo. Ta taɓa ganin irinsa a hannun wani likita da ke zuwa shagonta: agogon hannu mai tsada, ƙirar Suwizalan, da wata 'yar taga a fuskarsa inda ɗan wata ke fitowa, ya cika, ya ragu, daidai da na sama. Ta yi tunanin tunda mahaifinta ya daina zuwa wajen wata, ita za ta kawo masa watan. Ta buga wa uwarta waya.

"Agogo?" in ji Shamsa. "Ubanki? Kin manta gidan da kika fito?"

"Mama, wannan daban ne. Akwai wata a ciki."

"To gaya masa da bakinki, ni ba ruwana."

Ta gaya masa. Ya ce zai zo ya ga watan da aka kulle a cikin gwangwani. Shamsa ta ce da ta ga yana naɗa rawaninsa na zuwa biki, ta san ba saye zai je yi ba, aibu zai je nema.

Zuwaina ta kai shi shagon agogo a Maskat. Shagon irin wanda sai ka danna ƙararrawa ne a buɗe maka ƙofa. Mai shagon, Murtada, ya haura hamsin, ya gaji sana'ar daga mahaifinsa a tsohuwar kasuwar Matra. Ya zaunar da su, ya sa aka kawo gahawa da dabino. Halfan ya ɗanɗana dabinon ya ce na bara ne. Murtada ya ce gaskiya ne, Baffa, ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur ya fara jera agogo. Zuwaina ta riga ta roƙe shi ya cire takardun farashi.

Na farko na zinariya ne. Halfan ko taɓa shi bai yi ba.

"Ka ga na yi maka kama da amarya?"

"A'a, Baffa. Na fito da shi ne don ka ga aikin. Na maza na nan, na ƙarfe."

Na biyu na ƙarfe ne, amma an zana wa watan fuska. Halfan ya kawo shi kusa da idonsa.

"Wannan me ye a tsakiyarsa?"

"Hanci ne."

"Hanci. Ɗana, na fi shekara arba'in ina kallon wata, ban taɓa ganin hancinsa ba. Mayar da shi."

Zuwaina ta ce, "Baba, don Allah."

"Me na yi? Tambaya nake yi."

Na uku da na huɗu ma ba su tsira ba. Ya ce duk watanninsu a tsaye suke kamar an jingina su da bango, alhali jinjirin wata yakan kwanta da bayansa kamar kwalekwale. Murtada ya ce haka ne, 'yar faifai ce ke juyawa a bayan tagar, ba ta iya kwantar da shi. Ya bayyana masa cewa faifan na matsawa taki ɗaya kowace rana, kuma mafi yawansu bayan shekara biyu da wani abu sukan sami kuskuren kwana ɗaya, sai a gyara da hannu. Ya nuna masa wani da ya fi su tsada, ya ce wannan sai ya haura shekara ɗari kafin ya yi kuskure.

"Wa ya zauna da shi shekara ɗarin?" in ji Halfan.

Murtada ya yi dariya. "Lissafi ne, Baffa."

"Na sani. Na san lissafi. Mun gaisa da shi bara."

Zuwaina ta ce a nan ta fid da rai. Ta fara tattara jakarta. Sai Murtada ya ce akwai guda ɗaya da bai daɗe da zuwa ba, bai ma fito da shi daga akwati ba. Ya kawo shi ya ajiye a kan baƙin ƙyallen. Na ƙarfe ne, ba ado, fuskarsa fara, tagar watan babba ce, shuɗiya mai duhu da 'yan ɗigon taurari. A rufin shagon akwai ƙananan fitilu masu ƙarfi da ke hasko teburin ta gefe.

Halfan ya sunkuya. Ya daɗe yana kallo, fuskarsa ta saki.

"To," ya ce. "Wannan kam wanda ya ƙera shi ya taɓa hawa dutse. Kin gani, 'yar nan? Haka yake. Siriri, can gefen dama, ya ɗan kwanta."

Zuwaina ta leƙa. Babu komai a tagar sai shuɗi da taurari. Ta ɗaga ido ta dubi Murtada. Ta gaya mini cewa da ido ta roƙe shi ya ce e, ya naɗe agogon su biya su tafi, domin rabon da ta ga mahaifinta yana murmushi tun kafin salla. Murtada ya ga roƙon. Ya ɗan gyara zaman hularsa.

"Baffa, ka gafarce ni," ya ce. "Wannan ba a saita shi ba tukuna. Babu wata a tagar."

"Kai ma?"

"Wallahi babu, Baffa. Ga madubin aikina, ka duba da kanka."

Halfan bai karɓi madubin ba. Ya ci gaba da kallon wurin, sannan ya ce, "Ɗauke agogon."

Murtada ya ɗauke. Saura baƙin ƙyalle. Halfan ya kalli ƙyallen. Ya juya kansa a hankali zuwa dama, ya dawo da shi hagu. Ya sa tafin hannu ya rufe idon hagu, ya sauke. Ya rufe na dama, ya daɗe a haka, ya sauke.

"Yana bin idon," ya ce. "Duk inda na juya yana nan. Idan na rufe sabon idon sai ya tafi." Ya jingina da kujera. "Shi ne. Shi na gani a kan dutse. Har kwanciyarsa."

Zuwaina ta kama hannunsa. "Baba, mu tafi gida. A bar agogon."

"Yau nawa ga wata?"

"Sha shida ga Rajab."

"Saura Sha'aban ke nan."

Ba ta gane ba sai daga baya. Lissafin gidajen da suka ci abinci a kan maganarsa yake yi. Kowane baligi a cikinsu akwai ramuwar azumin kwana ɗaya a kansa, bai sani ba, ga wani azumin na tafe.

Ta sake cewa su tafi. Ya ce a'a, sun sha gahawar mutum, sun ɓata masa rana. Ya sa Murtada ya dawo da agogon mai faɗin taga, ya tambaya ko ɗan watan da ke ciki na zinariya ne. Murtada ya ce na azurfa ne. Ya tambaya ko irin mai shekara ɗarin ne. Murtada ya ce a'a, irin wanda ake gyarawa ne.

"Shi nake so," in ji Halfan. "Wancan idan ya yi kuskure wa zai rayu ya kama shi?"

Murtada ya saita masa lokaci, ya saita watan da lissafin ranar, ya rage tsawon maɗaurin. Ya nuna masa wani ɗan rami a gefen agogon da wani ɗan tsinke na ƙarfe da ke cikin akwatin. Duk dannawa ɗaya, watan ya matsa kwana ɗaya, gaba kawai, ba ya komawa baya. Ya gargaɗe shi kada ya danna da yamma, domin a lokacin haƙoran ciki na kame da juna, ya bari sai da safe. Halfan ya saurara kamar yadda yake sauraron alƙali. Ya miƙa hannun hagu aka ɗaura masa. Zuwaina ta ce duk hanyar komawa gida hannun na kan cinyarsa, ya riƙe shi kamar mai targaɗe.

Washegari shi ya ce a kai shi wajen likita. Likitan ya duba ya ce aikin ya yi kyau, idon lafiya yake. Sai dai wasu mutane kaɗan, idan haske ya shigo ta gefe, bakin ɗan madubin da aka sa musu yakan kama shi, su ga wani siririn haske a lanƙwashe. Ga mafi yawa yakan gushe da kansa, ga wasu ya zauna. Ya ce yawanci ba ya damun kowa. Ya tambayi Halfan ko yana tuƙi da yamma.

"A'a," in ji Halfan. "Wata nake dubawa."

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Halfan ya shiga sabla. Rabon da a gan shi a wurin tun kafin ƙaramar salla. Aka matsa masa wuri kusa da dattawa, bai zauna ba. Mutane uku da suke wurin sun ba ni labarin abin da ya faɗa, kuma bai wuce wannan ba: abin da ya gani bara ba wata ba ne, haske ne a cikin idonsa, likita ya tabbatar. Alƙali ya yi daidai, Mabruk ya yi daidai. Duk wanda ya sha ruwa a ranar a kan maganarsa, ya rama kwana ɗaya kafin azumi ya zo. Ya ce kowa ya gaya wa iyalinsa, gidajen da babu namiji kuma shi zai je da ƙafarsa.

Ba kowa ne ya karɓa da sauƙi ba. Wani manomi ya tashi ya ce shi da iyalinsa sun ci abinci da rana tsaka a watan Ramadan, abin da kakansa bai taɓa yi ba, kuma an bar su kusan shekara ba a gaya musu ba. Halfan ya ce haka ne. Mutumin ya jira ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba, ya ɗauki sandarsa ya fita. Har yau gaisuwarsu ba ta wuce sallama.

Halfan ya miƙa hannu zai karɓi gahawa, hannun rigarsa ya zame. Mabruk, wanda ke zaune can ƙarshe, ya miƙe tsaye.

"Jama'a, me nake gani? Agogo? Halfan ɗan Sulayyim da agogo?"

"Zauna, direba."

"Ba zan zauna ba. Ku kira yara su zo su gani. Abu Saif, ƙarfe nawa?"

Halfan ya dubi agogon, ya dubi inuwar da ke bakin ƙofa. "Lokacin da ya kamata ka rufe bakinka."

Aka yi dariya, ba duka ba, amma an yi. Da aka watse tare suka tafi gida, Mabruk na riƙe da hannunsa yana leƙa tagar watan.

A cikin Sha'aban Halfan da Shamsa suka rama nasu. Ya zaga gidajen da ya ce zai zaga. Wata tsohuwa ta ce masa ita dama ta rama tun a Shawwal, domin ta yarda da shi amma ba ta yarda da asibiti ba. Agogon kuwa ya saba da shi a hankali. Kowace safiya yakan murza ɗan maɓallinsa don kada ya tsaya, ya dubi ɗan watan, da magariba ya kwatanta shi da na sama. Ya gaya mini cewa ba ya ƙarya, amma ba ya gani. "Ƙirga yake yi. Ko a cikin rijiya ka jefa shi haka zai ci gaba da ƙirgawa." Ya kuma ce ba zai bar shi a kan saitin mai shago ba. Ranar da aka ga wata a Nabaka, ranar ɗan watan zai fara. Zuwaina ta gaya masa cewa in ya yi haka watan agogon zai iya makara da kwana ɗaya wajen cika. Ya ce ya makara.

Shekaranjiya ne ashirin da tara ga Sha'aban. Na bi su zuwa kan dutse. Halfan na tafiya a hankali da sanda, Mabruk na gaba yana ba da labarin wata tayar mota da ta fashe masa a hanyar Salala tun kafin a yi kwalta. Akwai wasu mutanen gari, da wakilin alƙali. An ɗan ba Halfan wuri, amma na lura ba kamar da ba, mutane ba shi suke kallo ba, sama suke kallo.

Da rana ta faɗi ya miƙa hannu ya auna da yatsu, ya ce wa Mabruk, "Hagu da tsagin. Yatsu uku sama. Can za ka sa ido, kada ka yi ta yawo da shi kamar mai neman akuya."

"Me agogon ya ce?"

"Ba a tambayarsa."

Aka zuba wa sama ido. Na ga Halfan ya ɗan zabura, sannan ya ɗaga tafin hannu ya rufe idon dama. Ya tsaya a haka yana duba da na hagu mai yana. Ya sauke hannun, ya sake rufewa. Can Mabruk ya ce, "Abu Saif. Ga shi. Wallahi ga shi."

"Kada ka rantse tukuna. Ina ƙahonninsa?"

"Sama, sun ɗan karkata hagu."

"Ɗauke idonka. Dubi ƙasa. Yanzu mayar. Yana nan?"

"Yana nan."

"Juya kanka. Yana bin ka?"

"Ba ya bina. Yana inda yake."

Wasu mutum biyu ma suka gani. Wakilin alƙali ya zo wajen Halfan ya ce, "Baffa, kai fa?"

"Ban gani ba," in ji Halfan. "Mabruk ya gani. Ku tambaye shi, ya san abin da zai faɗa."

Kafin isha aka sanar da azumi.

Jiya da safe, ɗaya ga Ramadan, bayan rana ta ɗaga, Halfan ya ɗauki ɗan tsinken ya tafi gidan Mabruk. Ɗan watan agogon ya riga ya yi gaba da kwana ɗaya, kuma tunda ba ya komawa baya, sai an zagaya da shi. Suka zauna a kan tabarma a inuwar katanga. Halfan ya cire agogon, ya lalubi ramin da farce, ya fara dannawa. Watan ya yi ta girma har ya cika tagar, ya ragu, ya ɓace. Ya rufe idon dama, ya danna a hankali, ya miƙa wa Mabruk.

"Haka ka gan shi?"

Mabruk ya kawo shi kusa da hancinsa. "Babu komai a nan. Ƙara ɗaya."

Halfan ya karɓa ya ƙara ɗaya.